Zauren Gungun Kwantena: Hanyoyin Shigar da Baƙin Intanet Cikin Kubernetes na Gida

Gabatarwa

 Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wata matsala da kan sami duk wanda ya fara koyon aikin kwantena a kwamfutarsa. Yakan rubuta manhajarsa, ya tayar da ita, alamu duka su nuna tana aiki lafiya lau, amma da ya buɗe burauza ya nemi shafinta sai ya ga wayam. Dalili kuwa shi ne an gina ɗakuna ba a fitar musu da ƙofa ba. Za a duba inda ya kamata a fitar da wannan ƙofa, da kuma wanda ya kamata ya tsare ta.

Kwantena da Gungunsu

An aro kalmar kwantena daga sufurin teku, inda tun daga 1956, bisa ƙoƙarin Malcom McLean na Amurka, aka fara zuba kaya cikin akwatunan ƙarfe masu girma ɗaya. A fagen kwamfuta, kwantena na nufin a ƙunshe manhaja da duk abin da take bukata wuri guda, domin ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura. Docker ne ya yaɗa wannan dabara daga shekarar 2013, sa'an nan a 2014 kamfanin Google ya fito da Kubernetes don lura da kwantenoni masu yawa a kan rukunin na'urori, wanda a nan za a kira gungu. Mai koyo ba ya bukatar na'urori da yawa, domin akwai minikube da kind da k3s, waɗanda kan kafa ƙaramin gungu a kwamfuta ɗaya.

A cikin gungu, kwantena kan zauna cikin abin da za a iya kira kwanso, kowane kwanso da adireshinsa na lamba. To, amma kwanso ba ya daɗewa. In ya mutu sai a haifi wani da sabon adireshi. Saboda haka aka ƙirƙiro hidima, wato suna da adireshi tsayayye wanda ke miƙa saƙo ga kowane kwanson da ke raye. Sai dai adireshin hidima, a yadda aka tsara shi tun farko, na cikin gida ne kawai. Da gangan aka yi haka, don kada a ga sirrin gida daga bakin titi.

Hanyoyi Huɗu

Hanya ta farko ita ce ta wucin gadi, inda mai aiki kan ba da umurni a haɗa wata mashiga ta kwamfutarsa da kwanso ɗaya. Tana da amfani wajen gwaji, amma da zarar an rufe umurnin ta yanke.

Ta biyu ita ce NodePort. A nan ana buɗe mashiga mai lamba a jikin kowace na'urar gungun, galibi tsakanin 30000 da 32767. Aibinta biyu ne: baƙo ya saba da mashiga ta 80 da ta 443, waɗanda burauza ke nema da kanta, sa'an nan kowace hidima sai an huda mata nata ramin a katanga.

Ta uku ita ce LoadBalancer, wadda a manyan rumbunan haya irin na Amazon ko Google takan samo wa hidima adireshin waje nan take. A gungun gida babu mai ba da wannan adireshi, don haka sai hidimar ta yi ta jira har illa masha Allahu, sai fa in an girka wani abu kamar MetalLB, ko an buɗe ramin da minikube ya tanada.

Ta huɗu, wadda ita ce zuciyar wannan lacca, ita ce Ingress, wadda ta zama tabbatacciya a Kubernetes a 2020. Misalinta shi ne zauren gidan Bahaushe. Baƙo ba ya tsallaka katanga ya faɗa ɗakin da yake so. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ya faɗi wanda yake nema, sa'an nan a yi masa iso. Haka nan Ingress: mashiga ɗaya ce ga kowa, ana duba sunan da baƙo ya ambata da sashen da ya nema, a tura shi inda ya dace. Alal misali, ma'aikata tana iya sa mai neman albashi.test ya tafi hidimar albashi, mai neman fansho.test ya tafi ta fansho, duk ta ƙofa guda. A wannan zauren ne kuma ake ajiye takardar shaidar tsaro da ke ɓoye saƙonni daga idon masu leƙe.

Abin lura shi ne Ingress takardar ƙa'ida ce kurum. Dole a girka mai aiwatar da ita, kamar Traefik ko HAProxy ko NGINX. Mai amfani da k3s yakan tarar da Traefik a girke, amma mai amfani da kind sai ya girka da hannunsa. Ƙa'ida ba mai aiwatarwa daidai take da zaure ba mai iso.

Gaɓoɓi Uku

Kafin saƙo ya isa, sai gaɓoɓi uku sun haɗu. Da fari, suna ya nuna inda kwamfutar take, abin da kan samu ta rubuta sunan tare da lambar 127.0.0.1 cikin fayil ɗin sunaye na na'urar. Na biyu, mashiga ta 80 da ta 443 su zarce cikin gungun. A kind kuwa, tun lokacin kafa gungun ake faɗin wannan, in an manta sai an rushe an sake. Na uku, ƙa'idar ta ambaci sunan hidima da mashigarta daidai.

Amsar da burauza ta kawo takan nuna gaɓar da ta goce. In an ƙi karɓar haɗi sam, saƙon bai kai zaure ba. In aka ga 404, galibi ya kai zaure amma ba a san sunan da ya ambata ba. In aka ga 503, an san sunan amma ba kowa a ɗakin, wato babu kwanso mai rai a bayan hidimar.

Haɗarin Buɗe Ƙofa

Lambar 127.0.0.1 mai kwamfutar kaɗai take yi wa aiki. Da zarar an buɗe mashiga ga sauran na'urorin ofis, ko aka sa na'urar rarraba intanet ta turo saƙonnin waje, to gungun ya fito bainar jama'a. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2018 masu bincike na kamfanin RedLock sun bayyana cewa an bar shafin sarrafa Kubernetes na kamfanin Tesla ba kalmar sirri, har ɓarayi suka shiga suna haƙar kuɗin intanet da na'urorinsa. Shi kansa mai tsaron zauren yana bukatar kulawa. A Maris na 2025 kamfanin Wiz ya bayyana munanan ɓaraka a ingress-nginx, wanda ke cikin waɗanda aka fi amfani da su, kuma a Nuwamba na wannan shekara masu kula da Kubernetes suka sanar za a daina gyaransa daga Maris na 2026. Wanda zai fara sabon aiki yau ya dace ya zaɓi wani, ya kuma koyi Gateway API, tsarin da ya tabbata a 2023, wanda ya raba aikin mai riƙe da ƙofa da na mai tsara hanyoyin cikin gida.

Kammalawa

A taƙaice, ɗalibin da ke koyo da ma'aikacin da aka damƙa wa bayanan jama'a darasinsu ɗaya ne. A bar hidimomi a rufe yadda aka tsara su, a fitar da ƙofa ɗaya, a san mai tsaronta, a riƙa sabunta shi a kan kari. Dabi'ar da mutum ya saba da ita a ƙaramin gungun kwamfutarsa ita zai ɗauka ranar da aka ba shi amanar albashi da fanshon dubban mutane.