Hanya Maganarmu Ce: Jawabin Shugabanni a Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

  

Bayanin kuɗi ma'aji za ta kawo shi. Mu maganar hanya muka zo da ita. Wata za ta ce, ina ruwan mata da titi, ba aikin gwamnati da 'yan kwangila ba ne? To, a saurara.

Albasar ƙasar Aliero ta yi suna, har Kudu ake lodinta. Da rani ake cire ta, lokacin da ta yi yawa kuma ba ta da daraja. Wadda ta daure ta ajiye, daga damina zuwa kaka take ganin kuɗi. Amma fa lokacin ne hanyoyin ƙauyukanmu suka fi lalacewa. Mota ba ta shigowa, sai dillali ya zo bisa babur ya yanka farashin da ya ga dama, don ya san ba mu iya kai kaya Jega. Haka shinkafar da muke turarawa, haka man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka wahalar, ribar ma a hanya take ƙarewa.

Wannan asarar kuɗi ce, ana iya mayarwa. Akwai wadda ba a mayarwa. Idan naƙuda ta yi gardama cikin dare, ko jini ya ɓalle, tsakanin Sabiyal da babban asibiti a Aliero ko Jega, kowane rami minti ne daga ran uwa da jinjiri. Wa ke nan da ba ta san gidan da aka yi wannan rashi ba? Ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi ta kuma karya gadoji.

Sai zumunta, wadda aka ce a ƙafa take. Ɗiyarki na aure a wani gari, ki yi wata uku ba ki leƙa ta ba. Malamin makaranta da ma'aikaciyar lafiya ba su son a turo su inda babur ke kafewa. Jami'a na nan Aliero kusa da mu, amma yarinyar da ruwa ya hana zuwa makaranta duk damina, yaushe za ta kai can?

Don haka ga abin da muke roƙon ku amince da shi.

Na farko, mu buɗe asusun gaggawa, kowace mamba ta riƙa sa ɗan abu ranar zubi, mu kuma ajiye lambar direbobi biyu amintattu. Kada mai naƙuda ta sake jiran a nemo rance.

Na biyu, mu haɗa kayanmu mu ɗauki mota ɗaya ranar kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, mu rubuta takarda da sunan ƙungiya, ta hannun hakimi da kansila, zuwa ƙaramar hukuma da ofishin RAAMP, shirin hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda jiharmu ke ciki. Mu faɗi wuraren da ruwa ke yankewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma bi sawun takardar.

Mazajenmu da samarinmu, naku shi ne aikin gayya: a yashe kwalbatoci kafin ruwan farko. Mu kuma mu daina zuba shara a magudanar ruwa, wannan a hannunmu yake.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a sana'armu, ya maimaita muna ta baɗi. Wassalamu alaikum.