Ruwan Ɗumi da Ciwon Gaɓɓai: Iyakar Abin da Bincike Ya Tabbatar

 

Duk shekara idan hunturu ya kama, kukan da ake ji a gidajenmu ɗaya ne. Dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa a duƙe cikin fadama, da tsohuwar da ta yi shekaru tana daka da jan guga, kowa na fama da gwiwa da ƙugu da baya. Cikin magungunan da ake ambata wa irin waɗannan mutane akwai wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, har wasu kan yi tanadin kuɗin mota mai yawa domin su je. Abin da nake son in kafa muku hujja a kansa yau shi ne: wannan wanka yana da amfani na gaskiya ga ciwon gaɓɓai, amma amfanin sassauci ne na ɗan lokaci, kuma mafi yawansa daga ɗumin ruwan yake fitowa da hutu da motsa jiki. Idan haka ne, to, akasarin alherin da ake tafiya nema nesa ana iya kawo shi kusa da mu.

Wuraren da ake magana a kansu sanannu ne. Akwai Tafadek a duwatsun Azbin, arewa da Agadas, inda Buzaye da Hausawa suka daɗe suna zuwa neman sauƙin sanyin ƙashi da cututtukan fata. Akwai Wikki a dajin Yankari na jihar Bauchi, wadda ruwanta ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, da Ikogosi a jihar Ekiti. Dalilin ɗuminsu kuwa a bayyane yake ga masana ƙasa: duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi kan ƙaru da kamar digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama ne ke tsiyaya ta tsagar duwatsu har ya kai zurfi, ya ɗumama, ya narkar da gishiri da farar wuta da sauran ma'adinai, sannan ya sake samun kafa ya ɓulɓulo. Ikon Allah ne wanda ke tafiya a kan sababi, kuma duk abin da ke da sababi ana iya auna shi.

Mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Mutum idan ya shiga ruwa zuwa ƙugu, ƙafafunsa na ɗaukar kamar rabin nauyinsa ne kawai, idan kuma ruwan ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Gwiwar da guringuntsinta ya zaizaye, wadda ba ta yarda a lanƙwasa ta a tudu, sai ga ta tana miƙewa tana naɗewa ba tare da azaba ba. Ɗumi kuma yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, yana saki tsokar da ta ɗaure, yana rage ƙarfin saƙon ciwo da ke tafiya zuwa ƙwaƙwalwa. Duk wannan ruwan rijiya da aka ɗumama ma yana yin sa.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi a Faransa aka yi shi, ƙasar da inshorar lafiya ta gwamnati ke biyan kaso mai tsoka na kuɗin jinyar kwana 18 a garuruwan ruwan zafi idan likita ya rubuta. A shekarar 2010 likita Forestier da abokan aikinsa suka buga sakamakon bincike a kan mutum 382 masu zaizayar gwiwa, a cibiyoyi uku. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada likita ya zaɓi wanda ya ga alamar zai warke. Kowane ɓangare an koya masa motsa gwiwa a gida, ya kuma ci gaba da magungunansa, amma ɓangare ɗaya an ƙara masa jinyar kwana 18 ta wanka da tausa da shafa taɓo mai ɗumi da atisaye cikin ruwa. Bayan wata shida, kusan kashi 51 cikin ɗari na waɗanda suka je wankan sun sami sauƙin da mara lafiya ke iya ji a jikinsa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 36 ne. Ina roƙon ku tsaya ku dubi waɗannan lambobi biyu da kyau, domin kowannensu na da abin da yake faɗa. Tazarar da ke tsakaninsu gaskiya ce, kuma ga wanda ciwo ya hana shi sujada a kan gwiwarsa ba ƙaramin abu ba ce. Amma rabin waɗanda aka yi wa cikakkiyar jinya ba su sami wannan sauƙi ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna gida sun same shi da motsa jiki da magungunansu kawai. Ban da haka, abubuwa da yawa aka haɗa a jinya guda, don haka gwajin ba zai iya nuna mana ko ruwan ne ya yi aikin, ko hannun mai tausa, ko mako uku da mutum ya yi ba noma ba ɗawainiya. Ya kamata kuma a sani cewa ƙungiyar da masu wuraren wankan suka kafa domin bincike ce ta ba da kuɗin aikin. Wannan bai soke sakamakon ba, sai dai yana sa mai hankali ya nemi shaida ta biyu.

Shaida ta biyu kuwa ba ta yi ƙarfin ta farko ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan magani guda ta auna ingancinsu, ta duba wannan wanka a kan zaizayar gaɓɓai a 2007, da kuma a kan amosanin gaɓɓai mai kumburi a 2015. A duka biyun hukuncinta ya yi kama: ana ganin alamun sauƙi, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, tsarinsu na da rauni, ba su isa a gina tabbaci a kansu ba. Masu bincike a ƙasar Hungary sun yi ƙoƙarin warware batun ma'adinai ta hanyar kwatanta ruwan maɓuɓɓuga da ruwan famfo mai ɗumi iri ɗaya. Wasu sun sami ɗan fifiko ga ruwan maɓuɓɓuga, sai dai masu ruwan famfo ma sun sami sauƙi, kuma ruwan da ke warin farar wuta da wuya a ɓoye wa mai wanka ko wanne aka sa shi a ciki. Fatar ɗan Adam kuma katanga ce, abin da ke ratsa ta daga narkakken gishiri kaɗan ne ƙwarai. Ko a Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu, inda masu wata cutar fata mai ɓamɓaroki ke samun sauƙi a bayyane, bincike ya nuna hasken rana ne ke ɗauke da kaso mafi girma na aikin.

Na san abin da wani dattijo zai ce: gani ya kori ji, mun ga wanda ya tafi da sanda ya dawo yana taka ƙafarsa. Ba na ƙaryata shi, ya ga abin da ya gani. Sai dai ciwon gaɓɓai ciwo ne mai tashi da kwantawa, kuma mutum ba ya ɗaukar doguwar tafiya sai lokacin da ya fi tsananta, lokacin da dama abin da ke biyo baya sau da yawa lafawa ce. Sa rai ma yana rage zafin ciwo, wannan tabbatacce ne a ilimin likita. Sannan labarin wanda ya sami sauƙi shi ke zagaya kasuwa, wanda ya dawo yadda ya tafi kuwa shiru yake yi. Saboda haka ne ake raba marasa lafiya gida biyu a ƙirga kowa da kowa. Wannan ƙasa ba baƙuwar bin diddigin magani ba ce, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan cutar basir da ciwon ido. Neman hujja kafin a yarda da magani gadonmu ne.

Daga ɗaya gefen kuma wani ma'aikacin lafiya zai ce, tun da hujjar ba ta da ƙarfi, a bar maganar gaba ɗaya. Da wannan ma ban yarda ba, domin sai an tambayi me mutanenmu ke amfani da shi a madadinsa. Abin da ke faruwa shi ne dattijo ya aiki yaro kemis ya sayo masa ƙwayar ciwon jiki, diclofenac ko ibuprofen, ko gauraye a ƙullin leda wanda shi kansa bai san abin da ke ciki ba, ya sha safe da yamma wata da watanni, sau da yawa cikinsa ba abinci. Waɗannan ƙwayoyi idan aka daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna lalata ƙoda, suna tayar da hawan jini. Magani ne mai kyau idan likita ya ƙayyade shi, amma babu wanda ya isa ya ce ba shi da illa. Duk hanyar da za ta sa tsoho ya rage shan su, ko da sauƙinta matsakaici ne, ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci. Ƙungiyar masana zaizayar gaɓɓai ta duniya ma, a ƙa'idojinta na 2014, ta amince da wannan wanka ga mai ciwo a gaɓɓai da dama wanda kuma ke da wasu cututtukan da ke hana shi shan ƙwaya yadda ya so.

Batun zuciya shi ne inda nake son mu fi yin hattara. Za ku ji ana cewa a Finland an bi maza 2,315 har shekara ashirin, aka ga masu shiga ɗakin gumi sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar zuciya ta farat ɗaya. An buga wannan a 2015, kuma an sami makamancinsa a Japan game da masu yawan wanka a ruwan ɗumi. Amma a waɗannan bincike kallon mutane aka yi, ba a raba su da ƙuri'a ba, kuma mai lafiyar zuciya shi ne dama ke iya jure zafi kullum. Ƙasashen kuma na sanyi ne, alhali mu a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40. Namu darasin a gida yake. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka bayyana yawan gazawar zuciya ga mata bayan haihuwa, suka kuma alaƙanta shi da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. A nan Sakkwato, binciken da aka buga a 2007 daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya nuna cutar na kama mace ɗaya cikin kusan haihuwa ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Daga baya babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin cutar da waɗannan al'adu ba, ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki. Ashe ko zargin da aka yi shekaru ana yi wa ruwan zafi sai da aka sake auna shi. Duk da haka abin da ya tabbata bai canza ba: zafi yana sa zuciya gudu, kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, don haka mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashinta ke sarƙewa asibiti za a kai ta a ranar, a dakatar da wankan.

Akwai wasu da su ma ruwan zafi haɗari ne gare su. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu zai iya ƙonewa bai ji ba. Mai ƙaramin ciki, zafin jiki mai yawa na iya cutar da ɗan da ke cikinta. Gaɓar da ta kumbura ta yi ja tana zafi tare da zazzaɓi ba a gasa ta, likita take buƙata. Ruwan maɓuɓɓuga kansa ba kullum yake da tsabta ba: a garin Bath na Ingila an rufe wurin wankan a 1978 bayan wata yarinya ta rasu sakamakon ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwan ɗumi, wadda ke shiga ta hanci ta kama ƙwaƙwalwa, kuma sai 2006 aka buɗe sabon wurin wanka da ruwan da ake tacewa.

Ga mai ciwon gwiwa ko baya a nan Dandin Mahe, abin da hujja ta goyi baya mai sauƙi ne. A ɗumama ruwa daidai yadda gwiwar hannu za ta jure a ciki ba tare da an janye ta ba, a jiƙa tawul a gasa wurin minti 15 zuwa 20, sannan tun gaɓar na da ɗumi a zauna a miƙe ƙafa a riƙe, a sauke, a maimaita, domin ƙarfin tsokar cinya shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. A sha ruwa, kada kuma a bar tsoho shi kaɗai a banɗaki. Abin da bokiti ba zai bayar ba shi ne rage nauyin da ake samu idan jiki ya nutse, kuma a nan ne nake kira ga ƙananan hukumomin Shagari da Bodinga da ma'aikatar lafiya ta jiha. Ƙaramin kwarmin wanka a babban asibiti, mai ruwan burtsatse da hasken rana ke ɗumamawa, da magani mai kashe ƙwayoyin cuta, da ranakun maza dabam da na mata, da ma'aikacin gashin ƙashi mai koyar da motsa jiki, abu ne da kasafin lafiya zai iya ɗauka. Idan aka gina shi, a gayyaci masu bincike daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun ranar farko, su raba masu zuwa gida biyu da ƙuri'a, su rubuta ciwon kowa da yawan ƙwayar da yake sha, su sake aunawa bayan wata shida.