Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Dafin Da Kan Ɓuya Cikin Hatsi

 Abin da ya tara mu yau maganar hatsi ce, watau abincin talakawanku, da wani irin dafi wanda in ya shiga cikinsa ba ya fita.

Akwai waɗansu magungunan ƙwari da na gyaran iri waɗanda ba su lalacewa da sauri. Wanki ba ya raba su da hatsi, dahuwa kuma ba ta kashe su. Sukan taru kaɗan kaɗan a jikin mutum, har uwa ta ba jaririnta a cikin nono ba ta sani ba.

Ga abin da ya faru a ƙasar Iraƙi. A shekarar 1971 aka kai musu irin alkama da sha'ir wanda aka gauraya da maganin zaiba, aka rina shi ja don gargaɗi. Irin ya iso wa manoma da yawa bayan an gama shuka, rubutun buhunan kuwa ba da Larabci yake ba. Mutane suka wanke jan, suka zaci dafin ya tafi, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can, waɗansu suka makance, waɗansu jikinsu ya shanye.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A shekarar 2010 a Zamfara, an riƙa niƙa duwatsun zinariya masu dalma a injin niƙan hatsi, ana dakawa a cikin gidaje. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci, yara fiye da 400 suka rasu.

Saboda irin wannan haɗari ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Stockholm a 2001 don kawar da magunguna masu daɗewa, a 2009 kuma suka ƙara da sinadarin da ke cikin gamalin.

To, ga abin da muke roƙo ku isar wa dagatai da masu unguwanni. Na ɗaya, irin da aka yi wa magani na ƙasa ne kaɗai, kada a ci, kada a ba dabba, kada a kai kasuwa. Na biyu, kada a zuba maganin gona a rumbu ko buhun abinci. A busar da hatsi sosai, a adana shi a mazubin da iska ba ta shiga. Na uku, kada a sa gari ko ruwa a gwangwanin magani. Na huɗu, injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa dawa.

Ku malamai, in mutanen gida ɗaya suka kwanta bayan cin tuwo ɗaya, ku rubuta sunan garin da ranar, ku ajiye ragowar hatsin, ku sanar da ma'aikatan lafiya nan da nan.

Talaka yana jin maganar hakiminsa fiye da ta baƙo, shi ya sa muka fara da ku. Allah ya kiyashe mu, amin.