Wa Zai Tambayi Likita a Madadin Ɗan Riƙo?

Yau za mu yi magana a kan magungunan da likitocin ƙwaƙwalwa ke rubuta wa yaran da ba sa hannun iyayensu. Za mu duba abin da ya faru a Amurka, gama a can ne aka bi diddigin wannan batu sosai.

A Amurka, idan hukuma ta karɓi yaro daga gidansu, takan ba wani iyali riƙonsa, gwamnati kuma ta biya kuɗin asibiti. A shekarar 2011, ofishin bincike na Majalisar Dokokin ƙasar, wato GAO, ya fitar da rahoto a kan jihohi biyar: Florida, Massachusetts, Michigan, Oregon da Texas. Ya gano cewa a 2008 an rubuta wa yaran riƙo magungunan ƙwaƙwalwa ninki 2.7 zuwa 4.5 na sauran yaran da gwamnati ke biya wa magani. Akwai yaran da ke shan iri biyar ko fiye a lokaci guda.

Me ya kawo haka? Gaskiya ne yaran nan sun sha wahala, wasu kuma suna bukatar maganin ƙwarai. Amma yaron da ake ɗauka daga wannan gida zuwa wancan yakan canza likita, takardunsa su ɓace a hanya. Sabon likita ya ƙara nasa a kan na da. Ba kuma uwa a gefe da za ta ce, "Likita, tun da ya fara shan wannan, barci kawai yake yi."

Jihar Texas ta ɗauki mataki tun 2005. Kotu takan sa sunan mutumin da zai yarda ko ya ƙi a madadin kowane yaro. An kuma rubuta alamomin da ke sa a sake duba takardar magani, misali idan an haɗa wa yaro magungunan taɓin hankali iri biyu. A 2011 dokar tarayya ta wajabta wa kowace jiha ta tsara yadda za ta sa ido. Duk da haka, a 2018 babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ya duba jihohi biyar, ya samu yaro ɗaya cikin uku bai sami tsarin jiyya ko bibiyar da aka tanada ba. Ashe doka kaɗai ba ta isa, sai da mutumin da zai tsaya a kan yaron.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rikice-rikice sun bar mana yara masu firgita da dare, masu fitsarin kwance, masu yawan faɗa. Haɗarin da ke gabanmu shi ne a je kemis a sayo ƙwayar sa barci don yaro ya yi shiru. Muna roƙonku kada a yi haka. A kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware.

Idan likita ya rubuta magani, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin raka yaron kowane lokaci. Ya tambaya: Menene sunan maganin? Me yake magancewa? Wace illa za mu sa wa ido? Yaushe za mu dawo? Ban da ƙwaya, wane taimako kuma yake bukata? A sayi littafi a rubuta amsoshin, da nauyin yaron, da yadda yake barci da cin abinci, domin wasu magungunan suna sa ƙiba da hawan sukari. Idan yaron ya koma wani gida, littafin ya bi shi. Kada a tsai da magani farat ɗaya sai da izinin likita. A kuma tambayi yaron kansa yadda yake ji a jikinsa.

Kafin mu tashi yau, bari kowane gida ya faɗi sunan wanda zai riƙe littafin. Allah ya ba mu hikima.