Haƙorin Dashe Ma Yana Buƙatar Kulawa



An nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi lafiyarmu, sai na zaɓi abin da nake ɗauke da shi a bakina. Shekara tara ke nan da na faɗi a kan babur a hanyar makaranta, na rasa haƙora biyu na gaba. Wanda bai taɓa koyar da 'yan aji ɗaya furucin "s" da "f" da giɓi a baki ba, ba zai san irin dariyar da na sha ba. Na ci bashi daga asusun taimakon juna na malamai, aka yi mini dashe, na kuma yi wata goma sha takwas ina biya.

Dashen nan wata ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Ana jira kamar wata uku zuwa shida har ƙashin ya kama ta, sannan a ɗora mata kan haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe. Mutumin farko da ya yi wa dashen a 1965 ya rayu da shi kimanin shekara arba'in. Ashe abin yana daɗewa, in an kula da shi.

Ni kuwa ban kula ba. Na ɗauka tunda ƙarfe ba ya ruɓewa, magana ta ƙare. Gaskiya ne ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi nama ne da jini. Dattin abinci yana taruwa a gindinsa, ƙwayoyin cuta su samu mazauni, dasashi ya kumbura, daga nan ƙashin ya fara zaizayewa. Haɗarin kuma shi ne, dashe ba shi da jijiyar da ke sanar da mutum ciwo kamar haƙorin asali. A shekara ta shida na fara ganin jini a buroshi, ba zafi, ba komai, na yi banza da shi har wata huɗu. Da aka ɗauki hoton ƙashi, likita ta nuna mini inda ya riga ya ragu. An tsayar da cutar, amma abin da ya tafi bai dawo ba.

Yanzu ina goge baki safe da dare da buroshi mai laushi, in bi tsakanin haƙoran da zaren sakace, domin asuwaki da tsinke ba sa kaiwa can ƙarƙashi. Duk wata shida ina zuwa a duba, ko da ba abin da ke damuna. Na daina fasa ƙashi a wajen cin nama, na daina ɓare rake da baki. Goro ma, wanda rabuwa da shi ya fi yi mini wuya, sai na yanka ƙanana.

Masu shan taba da masu ciwon suga da bai daidaita ba su suka fi fuskantar lalacewar dashe. Mai cizon haƙora cikin barci kuma ya faɗa wa likita, akwai robar da ake sawa da dare.

Ina roƙon kwamitin walwala ya duba wani abu. Muna ba mamba bashin yin dashe, amma ba ma tambayarsa kuɗin dubawar da za ta biyo baya, ko na sauya kan haƙorin idan ya tsage bayan shekaru. Malamin da albashinsa ya makara, ganin likita ne farkon abin da zai ɗage. Don haka nake ba da shawara a ƙara wannan lissafi a takardar neman bashin, tun kafin a sa hannu.