SHIN KAIFIN ƘWAƘWALWA NE KE YIN INJINIYA?

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da ɗalibai wanda ƙungiya ta shirya a Sabo, Ibadan, lokacin dogon hutu

  

Tambaya guda aka ba ni in yi magana a kanta, wato shin kaifin ƙwaƙwalwa ne ke sa yaro ya ci nasara a karatun injiniya? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin da ita ake yanke wa yara hukunci a gidajenmu. Yaro ya kawo sakamakon aji uku na ƙaramar sakandare, lissafi ya sha jan biro, sai uban ya duba ya ce, "Wannan kansa ba ya ja, gara ya bi ni kara, ko ya bi kawunsa Bodija." Shi ke nan, an rufe masa ƙofa yana ɗan shekara 14. Kasuwa ba abin kunya ba ce, ita ta kawo kakanninmu garin nan, ita ke riƙe da Sabo tun da aka kafa ta a 1916. Amma in za a cire yaro daga makaranta, ya kamata a tabbata dalilin da aka kafa gaskiya ne.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙwaƙwalwa tana da nata rabo. Wanda ya ce duk ɗaya muke, son zuciyarsa ya faɗa. A kowane aji akwai wanda malam bai rufe baki ba ya gane, akwai kuma wanda sai an maimaita masa sau uku. Shi kuwa karatun injiniya tun daga bakin ƙofa lissafi ne. A jarrabawar JAMB sai ka zauna wa Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, in ka samu shiga kuma shekara biyar ce a jami'a, kullum kana tare da lissafi. Saboda haka wanda aka koyar da shi yadda ya kamata, ya yi iyakar ƙoƙarinsa shekara da shekaru, abin bai zauna ba, to akwai wasu hanyoyin abinci masu daraja, ya kama ɗaya. Sai dai ina so mu tambayi kanmu, yaranmu nawa ne aka koyar da su yadda ya kamatan?

Turawa suna da wani awo da suke yi wa basira, suna ce masa IQ. Wani Bafaranshe ne mai suna Alfred Binet, shi da abokin aikinsa, suka fara tsara jarrabawar a 1905. Kuma ba don a ware masu kai daga dakikai suka yi ta ba, a'a, don a gano yaran da aka bari a baya ne a taimaka musu. Da abin ya ƙetara Amurka sai wani malamin Jami'ar Stanford, Lewis Terman, ya ɗauka. Daga 1921 ya shiga tace yaran makarantun jihar Kalifoniya, ya zaɓi wajen 1,500 da suka fi kowa maki, aka yi ta bin rayuwarsu har tsufa. A gaskiya da yawansu sun zama wani abu, likitoci, lauyoyi, malaman jami'a, injiniyoyi. Kun ga ke nan awon ba tatsuniya ba ne.

To amma ku saurari sauran labarin. Cikin yaran da aka gwada aka ce makinsu bai kai ba, akwai wani William Shockley. Shi ne daga baya shi da abokan aikinsa biyu aka ba su kyautar Nobel a 1956 saboda taransista, ɗan ƙanƙanin abin nan da ke cikin kowace rediyo da kowace wayar da ke aljihunku yanzu. Akwai kuma Luis Alvarez, shi ma an tsallake shi, shi ma ya karɓi Nobel a 1968. Cikin zaɓaɓɓun nan 1,500 kuwa babu ko ɗaya da ya same ta. Kada wani ya fita ya ce na ce waɗannan biyun dakikai ne. Yara ne masu basira, layin da aka ja ne kawai ba su taɓo ba. A 1968 ɗin dai, mataimakiyar Terman, Melita Oden, ta ware maza 100 da suka fi ɗaukaka cikin zaɓaɓɓun, da 100 da suka fi zama a baya, ta gwada su. Makin basirarsu bai yi wa juna nisa ba. Inda suka rabu shi ne naci, da sanin inda aka dosa, da irin gidan da mutum ya fito.

Shi makin kansa ma ba tsaga ba ce da wanzami ya yi wa mutum ranar suna. A ƙasar Norwe, cikin shekarun 1960, gwamnati ta ƙara karatun dole daga shekara 7 zuwa 9. Da masu bincike suka duba makin samarin a gwajin shiga soja, sai suka ga kowace shekara guda da aka ƙara wa yaro a makaranta ta ɗaga makinsa da kusan 4. Wato zaman aji yana wasa ƙwaƙwalwa kamar yadda ake wasa wuƙa. Yanzu ku ɗauki yaronmu da ke zuwa makaranta kwana uku a mako, sauran biyun yana tsaron shago, ko yarinyar da ke sauke farantin talla ta shiga aji bayan an gama darasin farko. In an auna su aka ga sun gaza, me aka auna? Kansu, ko kwanakin da suka rasa?

Bari in nuna muku ainihin inda yaranmu ke karyewa. Ga dutsen guga na lantarki mai wat 1,000. Wutar da ke shigowa gidajenmu, ranar da aka ga damar kawo ta, bolt 230 ce. Injiniya yana so ya san yawan wutar da dutsen zai ja, don ya san kaurin wayar da zai sa. Ƙa'idar ita ce wat daidai yake da bolt sau amfiya. Ka san wat, ka san bolt, saura amfiya. Sai ka raba 1,000 da 230, ka sami 4 da 'yar ɗoriya. Iyakar aikin ke nan. Alhazan da ke zaune can baya, in aka ce musu an sayi buhu 230 a kan kuɗi kaza, kafin in laluba biro sun gaya mini kuɗin buhu ɗaya. Lissafin guda ne. Amma a rubuta shi da haruffa, a ce P = V × I, a ce wa ɗan babbar sakandare ya fitar da I ita kaɗai, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru yana taunar biro. Me ya sa? Saboda tun yana aji biyu babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa cewa harafin nan lamba ce kawai da ba mu san ta ba tukuna. Malam ɗaya ne a kan yara cike da aji, ya rubuta ya goge ya wuce, yaro ya haddace ya ci jarrabawa ko ya faɗi, aka ciyar da shi gaba.

Wannan 'yar ɓarakar ita ke bin yaro har jami'a. Kalkulas da ake ba ɗalibai tsoro da shi, in ka ɗauki tambaya mai layi goma, sabon abin da ke ciki layi ɗaya ne ko biyu, sauran duk aljabara ce ta sakandare. Ɗalibi ya gane sabon abin sarai, ya faɗi a tsohon, sai ya koma ɗaki ya ce wa kansa ba shi da ƙwaƙwalwa. Kowane birkila ya sani, in bango ya tsage ba bulon sama ake tuhuma ba, harsashi ake tonawa.

Haka zancen Turanci. Yaron Sabo yana jin Hausa, yana jin Yarbanci kamar a bakinsa aka yi shi, ga Turancin buroka. Mai harshe uku za a ce wa dakiki? Amma jarrabawa da Turancin littafi ake yin ta, kuma sau da yawa ba fiziks ɗin ne ya kayar da shi ba, tambayar ce bai gane ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu fiye da kowa, mu mazauna garin wasu. A 1975 wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya damu da yadda ɗalibai baƙar fata ke faɗuwa a kalkulas, alhali 'yan asalin Sin suna ci. Da aka tambayi malamai sai kowa ya kawo tasa, wannan ya ce talauci, wancan ya ce rashin himma. Shi kuwa ya ɗauki ɗalibai 20 daga kowane ɓangare ya bi su har ɗakunan kwanansu ya ga yadda suke karatu. Abin da ya gani ya rushe zaton malaman. Baƙar fatan nan masu himma ne, da yawansu su ne zakaru a makarantun da suka fito, amma kowa shi kaɗai yake karatu, ya rufe ƙofa. In ya yi kuskure babu mai gani, in tambaya ta gagare shi ba shi da hanyar sanin cewa ta gagari kowa. 'Yan Sin kuwa in kowa ya gama nasa sai su haɗu da dare, su ci abinci tare, su duba aikin juna, wannan ya gyara wa wancan. Sai Treisman ya buɗe zaure inda ɗalibai ke haɗuwa su yi tambayoyi masu wuya tare, kuma bai kira shi ajin masu rauni ba. Waɗanda suka shiga, sakamakonsu ya tashi ƙwarai.

Ƙannena da ke Ife da Akure da Ogbomosho, wannan labarinku ne. Ka je aji ka tarar kai kaɗai ne Bahaushe, ka tashi daga lacca ka wuce ɗaki, ranar Juma'a ka hau mota ka dawo gida. Kunya ta hana ka tambaya, kada a ce ɗan Hausa bai sani ba. Alhali Yarbancin da ke bakinka ya isa ya shigar da kai kowace ƙungiyar karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nemi mutum uku ko huɗu, ko daga ina suka fito, ku riƙa zama.

Har abin da muke ɗauka baiwa ce zalla ana koyon sa. Zanen injiniya yana bukatar ka juya abu a cikin kanka, ka gan shi ta sama, ta gaba, ta gefe. Wata injiniya a jihar Mishigan, Sheryl Sorby, ita kanta wannan darasi ya ba ta wuya duk da gwanintarta a lissafi. A 1993 ta fara wani ɗan kwas na koyar da shi ga ɗaliban da ba su iya ba, aka ga waɗanda suka yi kwas ɗin sun fi takwarorinsu tsayawa har su gama digiri. A nan ma yaronmu da ya taso a gareji yana kwance kafireta yana ɗaurawa ya riga ɗan gata.

Wanda kuma jami'a ba ta samu ba, ga kwalejin kimiyya da fasaha nan cikin gari, tun 1970 take. Shekara biyu ƙaramar difloma, shekara guda koyon aiki, biyu babbar difloma. Wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye, ba sai ya faro daga aji ɗaya ba.

Roƙona ga kwamiti kaɗan ne, ɗaki guda da allo da fitila. Ɗalibanmu da ke gida hutu su ɗauki 'yan aji biyu da uku na ƙaramar sakandare, a faro tun daga lissafin rabi da sulusi da rubu'i, kada a ce ya yi ƙasa, don a nan ramin yake. Iyaye kuma a saki yaro daga shago awa biyu da yamma, mata ma haka, a ajiye farantin. Uban da ya riga ya yanke cewa ɗansa kansa ba ya ja, don Allah ya ara mana shi zango guda kafin ya kai shi kasuwa. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda, a rubuta sunan yaro da ajinsa. Ranar farawa kuma a zo da littafin lissafinsa na bara, ko da ya yage, domin a cikinsa za mu ga inda aka baro shi.