Jawabi Kan 'Ya'yanmu Masu Neman Aikin Kwamfuta a Ƙasashen Waje

 

A 'yan shekarun nan, da wuya wata ya wuce wani uba bai zo mana da magana iri ɗaya ba: yaro ya sami gurbin karatu a waje, an sayar da gona ko shanu an biya kuɗin zangon farko, ragowar kuwa an ce yaron zai riƙa samu ta hanyar koyar da kwamfuta ko kula da na'urorin wani ofis na 'yan sa'o'i. Wannan aiki akwai shi, kuma halal ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muke son mu ja hankali kan abubuwa uku.

Na farko shi ne dokar ƙasar da za a je. Bizar karatu ba takardar izinin aiki ba ce, kowace ƙasa tana da iyakar da ta gindaya. A Birtaniya, ɗalibin digiri ba ya wuce sa'o'i 20 a mako lokacin karatu, kuma an hana shi aikin ƙashin kansa. Ke nan yaron da zai riƙa bi gida-gida yana koyar da kwamfuta ana biyansa a hannu ya taka doka, ko da sa'a biyu kawai ya yi. A Amurka ma sa'o'i 20 ne, kuma a shekarar farko a cikin harabar makaranta kaɗai. Kanada ta mai da nata sa'o'i 24 a watan Nuwamba na 2024. Jamus kuwa, a watan Maris na 2024, ta ba ɗaliban waje cikakkun kwanaki 140 a shekara. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, don haka a tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantar kafin a karɓi kowane aiki. Wanda aka soke wa biza ya rasa karatu, ya rasa aiki, gonar kuma ba za ta dawo ba. Mu kuma sani cewa ladan sa'o'i 20 na iya rufe cefane da kuɗin mota, amma kada a ɗora masa kuɗin makaranta.

Na biyu shi ne ƙwarewa. Mu da muka shafe rayuwarmu a aji mun san cewa sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Iya buga wasiƙa da shiga Facebook bai isa a ba mutum aji ba, balle a damƙa masa na'urorin ofis. Mai kula da na'urori shi ke buɗe wa ma'aikata asusu, ya sabunta manhajoji, ya ajiye kwafin bayanai, ya tashi tsaye idan intanet ta yanke. Masu ɗaukar aiki sun san takardun shaida irin su CompTIA A+ ga mafari, da CCNA ta kamfanin Cisco ga masu haɗa hanyoyin sadarwa, kuma suna daraja wanda ya saba da Linux. Duk waɗannan ana iya karanta su tun ana gida. Yawanci ɗalibi kan fara ne daga ɗakin kwamfuta na jami'arsa, yana warware wa 'yan uwansa ƙananan matsaloli, kuma kada ya raina wannan mataki.

Na uku shi ne amana da taka-tsantsan. Mai riƙe da kalmomin sirri na ofis tamkar ma'ajin sarki ne, yana iya ganin albashin kowa da wasiƙun kowa. Ɗanmu ɗaya da ya ci wannan amana zai rufe ƙofa ga ƙannensa goma. Haka kuma, kwaɗayi mabuɗin wahala. A shekarar 2025 an kuɓutar da dubban mutane, har da 'yan Afirka, daga sansanonin damfara a kan iyakar Miyanma da Tailan, da yawansu kuma da alkawarin aikin kwamfuta aka yaudare su. Duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a ba ka, ko aka nemi riƙe fasfonka, ka guje shi.

Roƙonmu gare ku 'yan uwa na birni shi ne wannan. Tsofaffin kwamfutocin da ofisoshinku suka ajiye, ku nemo mana su ta hanyar da ta dace, a kafa ɗakin koyo a sakandaren garinmu. Masana wannan fanni a cikinku su ba da kwana biyu-biyu lokacin hutun Sallah su horar da yara. Sannan ƙungiya ta naɗa kwamiti da zai duba kowace takardar aiki ko gurbin karatu kafin uba ya saki kuɗinsa.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.